Kwalin Harsasan Alwyn Treloar

Duk wanda ya yi kiwon tumaki tsakanin Hillston da Ivanhoe ya san Alwyn Treloar, kuma in ka tambaye shi da me ya san shi, harsashi zai fara ambata kafin ya zo kan tumaki. A gonar da ya gada aka haife shi, bai kuma yi nisa a makaranta ba. Yana da shekara goma sha biyar mahaifinsa ya tsayar da shi gaban teburin da ke ɗakin kwano na bayan gida, ya nuna masa yadda ake ɗaukar kwanson da aka riga aka harba a mai da shi sabon harsashi. Kantin da ke sayar da harsashi tafiyar awa uku ne daga gonar, yanyawa kuwa ba ta jiran mutum ya je gari ya dawo kafin ta faɗa wa 'ya'yan tumaki.

Dogo ne siriri, marar yawan magana. Matarsa Coral takan ce sai da ya yi shekara biyu yana zuwa gidansu gyaran famfo kafin ta gane famfon lafiyarsa ƙalau. Suka yi aure, suka haifi 'ya ɗaya, Bronwyn, wadda ta girma ta tafi Griffith aikin jinya. Fari ya same su sau uku, ambaliya sau ɗaya, suna nan dai a gonar.

Yana da dokoki a ɗakin kwanon nan. In ya shiga sai ya tura ƙofa. Ba a yi masa magana, ba a kai masa shayi. Gwangwanin albarushi ɗaya tak ke hawa teburin a lokaci guda, domin albarushi iri-iri ne. Na bindigar tsuntsaye nan da nan yake cin wuta, na doguwar bindiga kuwa a hankali yake ci, in aka zuba na farko a mazaunin na biyu ƙarfen bindigar ba zai iya ɗauka ba. Kowane harsashi sai ya auna nasa a sikeli, ya duba, ya sake dubawa.

A kusurwar ɗakin akwai wani inji mai kama da babbar ƙwarya, murfinsa garau ana ganin ciki. Niƙaƙƙiyar totuwar masara ake zuba masa, a jefa kwanso, a kunna, sai ya yi ta girgiza yana gunji har tagullar ta fito tas tana ƙyalli. Alwyn kwanson da babu komai a ciki kaɗai yake sa masa. A kan wannan ne suka shekara talatin suna gardama da Desmond Bohm, maƙwabcinsa na kusa, wanda gidansa ke da nisan kilomita ashirin. Desmond gajere ne mai tumbi, bakinsa ba ya hutawa. Shi in ya gama haɗa nasa harsasan yakan mai da su cikin injin, da albarushinsu da komai, wai don maiƙon hannu ya goge.

"Minti goma kawai, Alwyn. Su ma masu kamfani haka suke yi."

"Kai kamfani ne?"

"Shekara nawa ina yi? Ka taɓa jin na tashi sama?"

"Ranar da tsinin wani ya sami gindin wani, da tsintsiya matarka za ta tattara ka. In ma bai fashe ba, girgizar nan tana iya niƙe albarushin, ya ci wuta fiye da yadda ka auna."

"Wa ya taɓa gani da idonsa?"

"Ba na so in zama na farko."

"Tsoro dai, tsoho. Kai ko ƙwai za ka dafa sai ka sa tabarau."

Coral ba ta taɓa sa musu baki ba, ba ta ma san wa ke da gaskiya ba. Abin da ta sani shi ne, duk cika bakin Desmond, in zai fita harbin aladun daji harsasan Alwyn yake zuwa ya roƙa.

Shekarar da Alwyn ya cika saba'in da huɗu Coral ta fara ganin wasu abubuwa. Ta tarar da butar shayi a cikin firij. Ya bar ƙofar shinge a buɗe tumaki suka bazu a titi, abin da bai taɓa yi ba. Wata rana ta same shi tsaye a tsakar gida da guduma a hannu, yana kallonta kamar wani ne ya ba shi riƙo. Ta ce wa kanta gajiya ce. In Bronwyn ta bugo waya ta ce, "Mama, ya Baba?" sai ta ce, "Yana nan lafiya, tsufa ne kawai." Sau ɗaya ta yi ƙarfin hali ta ɓoye makullin ɗakin kwano a cikin tulun sukari. Ya yini yana nema, ya zazzage aljihun kowace riga, da yamma ya zauna a bakin gado, ya ce mata, "Coral, ina jin kaina ya fara taɓuwa." Ba ta iya jurewa ba. Ta je ta ɗauko makullin ta ajiye a ƙarƙashin kujera, ta ce ga shi nan ya faɗi.

A watan Yuni, wanda a can shi ne tsakiyar sanyi, tumaki na haihuwa, haƙori ya matsa mata. Ta tafi Griffith aka cire, ta kwana biyu wurin Bronwyn. Ranar Alhamis ta kamo hanya da sassafe, wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta iso gida. Tana kashe motar ta ji gunjin injin daga ɗakin kwano.

Alwyn na zaune a baranda. Ya sa rigarsa ta zuwa coci a kan wandon barci, da kofi a hannu, babu komai a ciki.

"Sannu da gida," ta ce. "Ka ci abinci?"

"Na ci."

"Me kake wankewa?"

"A ina?"

"A ɗakin kwano. Inji na kunne."

Ya karkata kai ya saurara. "Ni ban kunna komai ba."

Ƙofar ɗakin a wangale take. Tun daga bakinta Coral ta ji warin roba mai zafi. Ta matsa taku biyu ta leƙa ta murfin. Totuwar ta yi baƙi ƙirin, abubuwan da ke ciki suna tasowa suna nutsewa, suna gogar juna. Da farko ta ɗauka kwanso ne. Sai ɗaya ya juyo, ta ga kansa mai tsini. Wani ya biyo shi, shi ma da kai. Gaba ɗayansu cikakkun harsasai ne, sun fi hamsin, kuma ba ta san ko awa ɗaya suka yi a ciki ba ko kwana biyu.

Maɓallin injin yana bayansa, sai mutum ya sunkuya ya kai fuskarsa dab da murfin kafin hannunsa ya isa. Ta ja da baya a hankali, kamar takunta ma zai iya tayar da su. Tana fita ta ruga gefen gida inda akwatin wuta yake, ta kashe wutar gonar baki ɗaya. Gunjin ya mutu. Ta jingina da bango tana jin bugun zuciyarta har cikin ramin haƙorin da aka cire.

Da ta koma ne ta lura da teburin. Gwangwani biyu ne a kai, duka a buɗe. A tsakaninsu ga kwanonta na kwaɓa fulawa, rabinsa albarushi ne, wani fale-fale wani kamar gutsattsarin tsinke, an cakuɗa su wuri guda. Sikelin yana kwance a gefe, ƙura a kansa. Kusa da kwanon akwai cokalin shayi. Coral ba ta taɓa haɗa harsashi ba, amma shekara arba'in da takwas tana auren mai haɗawa, ba ta buƙaci a yi mata bayani ba.

Ta dawo baranda ta durƙusa a gabansa, ta kama gwiwoyinsa.

"Alwyn, dube ni. Wa ka haɗa wa harsashi?"

"Desmond mana. Aladu sun dame shi a tafkin yamma."

"Yaushe zai zo ya karɓa?"

"Ai ya zo. Ɗazu ya tafi, na cika masa kwali guda." Ya yi murmushi. "Har cewa ya yi bai taɓa ganin sun yi ƙyalli haka ba."

Ta ruga ciki ta ɗauki waya, ta ji shiru. Sai ta tuna ita ta kashe wutar, kuma in ta mayar injin zai tashi. Dole ta koma ɗakin kwanon. Ta sunkuya ta kan murfin, zafinsa na dukan kumatunta, ta lalubi wayar injin a bango ta zare, tana ta addu'a kada gwiwar hannunta ta bugi ƙwaryar. Sannan ta mai da wuta, ta kira Raelene, matar Desmond.

"Coral! Kin dawo? Ya haƙorin?"

"Ina Desmond?"

"Ya wuce tafkin yamma daga wurinku. Lafiya?"

"Kira shi a oba-oba. Ki ce kada ya harba ko ɗaya daga harsasan Alwyn."

"Kin san halinsa, kashe ta yake yi in zai yi harbi, wai aladu na jin ƙara. Coral, me ya faru?"

"Ki yi ta kira kawai. Kada ki daina."

Ta hanyar baya tafkin ya fi kusa da gonarsu, kilomita goma sha huɗu ne, da ƙofofin shinge biyar. Ba za ta iya barin Alwyn shi kaɗai da ɗakin nan ba, don haka ta ja hannunsa ta sa shi a a-kori-kura, da silifas ɗinsa. Bai tambayi inda za su ba. A ƙofar farko ya sauka ya buɗe, ta wuce, ya rufe ya ɗaura sarƙa a tsanake kamar yadda ya saba, ita kuwa tana dukan sitiyari tana cewa, "Bar ta! Bar ta a buɗe!" A ta biyu ma haka.

A ƙofa ta uku, da ya dawo ya zauna, sai ta ga fuskarsa ta sauya. Idanunsa sun dawo irin na dā.

"Coral. Gwangwani nawa ne a kan teburin?"

"Biyu."

"A buɗe?"

"A buɗe."

Ta ji numfashinsa na fita da ƙyar.

"Da sikeli na auna?"

Ta girgiza kai.

"Taka motar," ya ce.

Ta taka. Hanyar duk ramuka ce, kansu na bugun rufi, ƙura ta turnuƙe bayansu. Da ƙofa ta huɗu ta bayyana ta fara rage gudu, ya daka mata tsawar da bai taɓa yi mata ba tun aurensu: "Kada ki tsaya! Bi ta kanta!" Ta rufe ido ta bi. Ƙofar ta ɓalle, fitila ɗaya ta tarwatse, waya ta nannaɗe a ƙasan motar tana jan ƙasa. Alwyn ya miƙa hannu ya danne hon bai ɗaga ba. Ta biyar Desmond ya bar ta a buɗe.

Sun hango bishiyoyin bakin tafkin ke nan suka ji ƙarar. Coral ta saba jin harbi tun tana amarya, ta san wannan ba harbi ba ne. Kamar an saki tulin kwanon rufi ne daga sama ya faɗi a kan siminti. Fararen aku suka tashi daga bishiyoyin suna kururuwa. Alwyn ya ɗauke hannunsa daga hon ya rufe fuska.

Suka same shi zaune a ƙasa, ya jingina da tayar motarsa, ya rungume hannunsa na hagu a ƙirji. Fuskarsa ta yi baƙi, jini na tsattsafowa ta ƙananan huji ba iyaka, gilashin tabaraunsa ya tsage amma bai zube ba. Bindigar tana can gefe, katakonta ya rabe biyu, ƙarfen ya buɗe kamar ɓawon ayaba.

"Desmond!"

"Me?" Da ihu ya amsa, domin kunnensa ya toshe. "Coral, ke ce? Ina alade? Na same shi?"

"Nuna min hannun."

"Kada ki duba, ba kyan gani."

Ta duba. Ta cire rigar sanyinta ta naɗe hannun ta matse da dukan ƙarfinta, ta ɗaga shi sama, da ɗaya hannun ta jawo oba-oba ɗin motarsa ta kunna. Muryar Raelene ta fito nan take, ta dishe saboda kira. Coral ta ce mata yana da rai, yana magana, ta kira jirgin asibiti ya sauka a filinsu.

Duk wannan Alwyn na tsaye nesa kaɗan, iska na kaɗa wandon barcinsa. Desmond ya hango shi.

"Tsoho! Me kake yi a can kamar an dasa ka? Zo ka riƙe min hula."

Alwyn bai zo ba. Ya je bayan motar ya ɗauki kwalin harsasan, wanda guda ɗaya kaɗai aka cire daga ciki, ya yi tafiya mai nisa da shi cikin fili, ya zauna a ƙasa ya ɗora shi a cinya. Da aka zo tafiya sai da Coral ta yi ta lallashi kafin ya yarda ya ajiye shi a gindin wani kututture, ya jera duwatsu kewaye da shi don kada wani ya taka.

Desmond ya rasa yatsu biyu, kunnensa na hagu bai sake ji ba. Idanunsa sun tsira.

Kwana uku bayan haka Raelene ta bugo waya daga asibiti, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce sajan ta yankin ta zo ɗaukar bayani, Desmond ya ce mata harsasan nasa ne, shi ya haɗa su, shi ya manta da su a injin girgiza suka kwana a ciki. Ya ce ya daɗe ana yi masa kashedi bai ji ba.

"Ya ce in gaya miki kada ku ce komai. Wai kada a ci mutuncin Alwyn a tsufansa."

Coral ta ajiye wayar ta zauna. Ta so ta karɓi wannan rufin asirin, sosai ma. Tana iya zubar da kwanon, ta share teburin, maganar ta mutu a haka. Amma makullin yana nan a aljihun Alwyn, bindigogi huɗu suna cikin akwatinsu na ƙarfe, kuma ta san gobe ko jibi zai tashi bai tuna komai ba, ya nufi ɗakin kwano ya tura ƙofa. Tun ranar Alhamis ba ta yarda ya ɓace wa idonta ba, ko banɗaki ya shiga tana tsaye a bakin ƙofa. Tana cikin juya maganar ta ɗaga kai ta gan shi a ƙofar kicin. Ya ji komai, kuma ranar kansa garau yake.

"Kira sajan," ya ce.

Sajan ɗin mace ce mai furfura, ta san su shekaru da yawa. Ta zo washegari da hantsi. Alwyn ya yi aski, ya sa takalmi, ya tarye ta a baranda.

"Ƙarya Desmond ya yi miki. Bai ma iya ta ba, surutu kawai ya iya. Ni na haɗa su. Ban tuna lokacin da na yi ba, amma ni ne." Ya zaro makullai ya miƙa mata. "Ki kwashe duka. Na cikin injin kada ki zazzage su, ki ɗebo ɗaya-ɗaya."

"Na ji, Alwyn."

"Akwai kwali a bakin tafki, cikin duwatsu."

"Zan je da kaina."

Wanda aka kai wa harsasan ya buɗe su ya duba. Ya ce albarushin a cakuɗe yake, wasu kuma an cika su har wuya, ko ba su taɓa shiga injin ba da haka za su yi. Da Coral ta tambaye shi ko girgizar ta ƙara wani abu, ya ce a ganinsa ba ita ce ba, amma shi dai ba zai bar nasa su kwana a ciki ba.

Likita a Griffith ya faɗi sunan ciwon, ciwon mantuwa ne, Bronwyn ta yi kuka a mota, ta tambayi uwarta tun yaushe. Kafin shekara ta zagayo suka sayar da gonar suka koma wani ƙaramin gida a Hillston, kusa da kogi. Alwyn bai saba da gari ba. Yakan tsaya a taga yana tambayar wa ya kwashe tumakin.

Desmond na zuwa duk mako in ya shigo sayayya, ya zauna ya cika ɗakin da surutu. Wasu ranakun Alwyn ya gane shi, wasu ranakun a'a. Amma kusan kullum sai idonsa ya sauka a kan hannun, fuskarsa ta cika da tsoro, ya ce, "Wa ya yi maka wannan?"

"Alade ne, tsoho. Ƙato. Da ka ga abin da na yi masa."

"Ka riƙa hankali."

"Ina yi."

A irin wannan lokacin Coral takan tashi ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Alwyn ya yi shekara uku a Hillston, ya rasu a watan Satumba. Makiyaya sun zo jana'izarsa daga wurare masu nisa, wasu tun daga Cobar. Coral tana nan a gidan bakin kogin ita kaɗai, tana noman tumatir a bayan gida, ran Laraba kuma tana zuwa zama da matan da mazansu ke da irin ciwon. In sabuwa ta zo tana cewa ai gajiya ce kawai ke damun maigidanta, Coral ba ta yi mata wa'azi. Takan jira a tashi, ta raka ta har mota, ta gaya mata cewa ita wata goma sha ɗaya ta yi da sanin ciwon nata mijin, tana cewa gajiya ce.